Nomau da 'Yar Tuni

A Tungar Gawo, can bayan Funtua inda kwalta ta gaji ta tsaya, an yi wani bawan Allah ana ce masa Nomau. Ƙato ne, shi kaɗai yake saɓa buhun masara, kuma tun da aka haife shi ba a taɓa jin ya yi musu da kowa ba. Aibinsa ɗaya ne: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi, abin da ka manta ba ka faɗa ba kuwa wannan ruwanka ne. Mutanen gari suna ce masa wawa, alhali rabin masu faɗin haka ko abin da aka sa su ba sa iya yi. Su uku ne a gidan: shi, da matarsa Lantana mai ƙuli-ƙuli, da mahaifiyarsa Iya Tabawa. Sai wata akuya mai taurin kai da ba ta ganin kowa da gashi. Yayansa Jatau yana Funtua yana sana'ar hatsi, ya yi kuɗi, ya ajiye tumbi, har ya je Makka.

Iya ce agogon Nomau. Daga safe zuwa yamma ita ke cewa yi kaza, bar kaza, kuma ita kaɗai ta san yadda ake ɗaure magana ta kowane gefe don kada Nomau ya ɓulle ta wani wuri. Da ciwo ya kwantar da ita, ba mutuwa ce ta dame ta ba, tunanin wanda zai riƙa gaya wa Nomau abin yi ne ya hana ta sukuni. Sai Jatau ya kawo wata 'yar na'ura da ba ta fi tafin hannu ba, mai ɗan gilashi a fuska da wani tsinke da ake taɓa ta da shi. Ba waya ba ce, ba a kira da ita. Aikinta tuni kawai: a sa mata rana da lokaci, a danna jan maɓalli a yi magana, in lokacin ya yi ta yi ƙara ta maimaita abin da aka ce. Ƙananan batura take ci irin na tocila. Mutanen gida suka sa mata suna 'yar tuni.

Iya ta ƙare kwanakinta tana ɗura mata magana. Lantana, da yake ta yi firamare, ita ke duba kalanda tana sa ranaku. Wasu na kullum ne, wasu na ranar kasuwa, wasu kuwa sai Iya ta ce, "Kai min can gaba, cikin damina," ta jira Lantana ta koma kan suyarta sannan ta yi maganarta. Bayan an gama zuba hatsi a rumbu Allah ya karɓi abarsa. Nomau ya yi kuka kamar yaron goye. Washegari da safe sai ga ƙara daga aljihunsa, sai ga murya: "Nomau, tashi ka ba akuya dusa." Ya share hawaye ya ce, "To, Iya," ya miƙe. Daga ranar, ba abin da yake tsoro a duniya irin ranar da muryar nan za ta yi shiru.

Wata rana, farkon damina, hadari ya haɗo aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ana cikin haka 'yar tuni ta yi ƙara, Iya ta ce, "Nomau, ka ba barkono ruwa." Don rani aka sa wannan tunin saboda ɗan lambun bayan gida, amma na'ura ba ta leƙa sama. Nomau ya ɗauki bokiti ya fita. Lantana ta leƙo daga ɗaki ta gan shi tsaye a cikin ruwa tsamo-tsamo, yana bin barkono gindi-gindi yana zuba masa.

"Malam, ba ka ga ana ruwa ba ne?"

"Na gani. Iya ba ta ce in an yi ruwa in fasa ba."

"To daga yau in ana ruwa ka bari sai an ɗauke."

Ya ce to. Da aka sake yin wani ruwan kuwa ya zauna a zaure da bokitinsa cikin natsuwa har aka ɗauke tas, sannan ya fita ya ƙara wa barkono nasa rabon. A shekarar nan gidan Nomau a kasuwa suka sayi yaji.

Wata rana maigari ya tara magidanta a ƙofar gidansa kan rabon taki. Jatau ya zo daga Funtua saboda shi ya ba da motar da ta ɗauko takin, aka zaunar da shi a kan darduma kusa da maigari, rigarsa ta sha sitaci tana ƙyalli. Maigari ya kai tsakiyar yabonsa ke nan sai aka ji ƙara daga bayan taro, sai muryar Iya Tabawa tar kamar tana tsaye a wurin: "Nomau, yau Juma'a. Ka yi wanka da sabulu, ka cuɗa bayan kunne, ban son wankan agwagwa." Nomau ya ce, "To, Iya," ya miƙe, ya tsallake mutane, tun bai bar wurin ba ya fara tuɓe riga. Taro ya ɓarke da dariya, wani dattijo har da riƙe ciki yana cewa Allah ya jiƙan Tabawa, ta tafi amma ba ta ajiye aiki ba. Jatau bai yi dariya ba. Ya tashi ya koma bayan motarsa ya tsaya. Mutane suka ce girman kai ne. Lantana ce kaɗai ta lura cewa tun rasuwar nan, duk lokacin da na'urar ta yi ƙara, sai Jatau ya tuna yana da wani uzuri a waje.

Da yamma ya samu ƙaninsa a tsakar gida.

"Kawo abin nan in gani. Dubi, gilashi ya tsage, an ɗaure ta da roba kamar tsohon silifa. An yi sababbi yanzu, masu launi, ba sa yi wa mutum ihu a cikin jama'a. Akwai mai shago a Funtua da ke musaya, a ba shi tsohuwa ya ba da sabuwa, ni zan yi ciko."

"Iya fa, Yaya?"

"Iya tana inda Allah ya kai ta. Wannan na'ura ce."

Nomau ba ya son rabuwa da ita ko kaɗan. Amma ita Iyar ce ta sha gaya masa ya bi maganar yayansa, saboda haka ya sunkuyar da kai ya ce to, tuwon ranar kuwa bai iya gama shi ba.

Wata rana Jatau ya dawo da sabuwar a cikin kwali. Mai shago ya ba shi ita a kan amana, a kawo tsohuwar daga baya. Sumul take kamar madubin amarya, ba tsinke, da yatsa ake shafa ta. Har Nomau sai da ya ce tubarkalla. Jatau ya ce, "Ba zan yi maka dole ba, ka gwada da kanka. Duk abin da aka yi da waccan a yi da wannan, ka ga wadda ta fi. Kuma kada ka bar ta a hannun kowa." Da ya tafi, Nomau ya zauna yana tuna abubuwan da aka yi da tsohuwar. An ɗaure ta da roba, sai ya samo roba ya ɗaure sabuwar. Ta taɓa kwana a cikin buhun dusa, sai ya kwantar da sabuwar a ciki. Sannan ya tuna dalilin tsagewar gilashin: akuya ce ta taka. Ya ajiye sabuwar a tsakar gida ya janyo akuya. Akuya ta zo ta shinshina ta tsallake. Ya dawo da ita ta sake tsallakewa. Dabbar da ba ta taɓa barin komai a gidan ba ta taka ba, yau ita ce mai ladabi. Lantana ta fito da kaskon suya ta tarar da mijinta durƙushe, ya rungumi akuya, ya ɗaga mata ƙafar gaba yana auna tsakiyar gilashi.

"Innalillahi! Malam, me zan gani haka?"

"Gwaji ne. Yaya ya ce duk abin da aka yi da waccan."

"Ajiye ƙafar nan! Wannan gwajin na yafe maka shi, in Yaya ya tambaya ka ce ni na hana."

Ya saki ƙafar, akuya ta yi gaba, a kan hanyarta ta taka faifan ƙuli-ƙulin Lantana.

Wata rana sabuwar ta yi ɗif, fuskarta ta koma baƙa. Nomau ya nemi inda ake sa mata batir bai gani ba. Lantana ta ce irin wannan caji take sha, Tungar Gawo kuwa ba a taɓa ganin turken wuta ba, sai an je kasuwar mako wurin mai janareto. Ta ba shi zakara ta ce ya sayar a can ya sayo gishiri. Da ya isa rumfar mai caji, mutumin ya miƙo hannu zai karɓa, Nomau ya ja da baya.

"Yaya ya ce kada in bar ta a hannun kowa."

"To yaya kake so a yi cajin?"

"Ka miƙo igiyar, ni zan riƙe."

Haka aka yi. Wayar cajin guntuwa ce, sai da Nomau ya ranƙwafa a kan tebur, na'ura a hannun dama, zakara a hammatar hagu. Masu zuwa caji suna zagaye shi kamar an kafa turmi a bakin ƙofa. Rana ta take, janareto na hura masa hayaƙi, ƙuda ya sauka a hancinsa ba hannun kora. Can zakara ya ga abin ba na ƙarewa ba ne, ya fizge ya haye rumfar mai tumatir, Nomau yana kallo bai motsa ba. Sai da kasuwa ta watse mai caji ya ce ta cika. Ya dawo gida a karkace, ba zakara ba gishiri. Ita kuwa sabuwar, bayan duk wannan hidima, kafin wata kasuwar ta zagayo ta daɗe da sake yin ɗif.

Wata rana Jatau ya biyo zai wuce sayen dawa, ya tsaya a ƙofar gida ko injin bai kashe ba.

"To, wacce ta fi?"

"Sabuwar ta fi kyau, Yaya. Tsohuwar ta fi magana."

"Ai ita ma za ta yi. Ka ji abin da za ka yi: kada ka rabu da tsohuwar sai duk abin da take faɗi ya shiga cikin sabuwar. In ya shiga, ka miƙa wa mai shago tasa."

Abin da Jatau yake nufi shi ne Nomau ya kai su duka biyu shagon, a haɗa su da waya a juye. Amma bai faɗi haka ba, shi kuwa Nomau ba a ba shi rabin magana a ce ya cike sauran. Ya zauna ya yi tunani irin nasa. Shi dai ya san hanya ɗaya da magana ke shiga cikin mutum, a faɗa yana ji, a yi ta maimaitawa. Sai ya samo ƙwarya ya shimfiɗa tsumma, ya kwantar da su fuska da fuska, ya nemi abin rufi don kada hayaniya ta raba wa sabuwar hankali. Lantana ta gane sarai abin da Jatau yake nufi. Ta dubi ƙwaryar, ta dubi mijinta, ta yi gum, ta shiga ɗaki ta ɗauko masa faifanta mafi kyau.

Tun daga nan ƙwarya ta zama abokiyar tafiyar Nomau. Da ita yake zuwa gona, da ita yake zuwa rijiya, mutane suna tambaya ko fura ya fara talla. In tsohuwar ta yi magana sai ya ce, "To, Iya," sannan ya ɗaga faifai ya ce wa sabuwar, "Kin ji ko? Maimaita." Shiru. Fuskarta baƙa ƙirin, Nomau ya ce tana mai da hankali ne. Gero ya yi kara, ya fid da kai, ɗaliba ba ta ce uffan ba. Mai shago ya dami Jatau, Jatau ya dami direban motar kasuwa da saƙo, kullum amsa ɗaya ke komawa Funtua: ba ta iya ba tukuna, kuma ita ma Iya ba ta gama faɗi ba, akwai na cikin damina da ba a kai gare su ba.

Wata rana da hantsi sai ga motar Jatau ta tsaya da ƙarfi. Ya shigo ko sallamar kirki bai yi ba, ya tarar da Nomau zaune gaban ƙwarya yana ba da darasi.

"Kai wane irin mutum ne? An mai da ni maƙaryaci a kasuwa saboda kai! Na'ura kake koya wa magana? Aku ce?"

"Yaya, kai ka ce sai ya shiga."

"Kawo nan! Yau da hannuna zan kai ta."

Ya fizge faifan ya damƙi tsohuwar. Nomau bai hana shi ba, bai iya hanawa ba. Ya tsaya hannuwansa a sake, idonsa ya cika, yana kallon abin da ya fi so a duniya zai fita daga gidan. Jatau ya kai bakin zaure ke nan sai ta yi ƙara a cikin tafinsa. Wannan karon ba inda zai tsere, shi ke riƙe da ita. Aka ji ɗan tari, sannan murya:

"Nomau, in Allah ya ba da damina, yanzu gero ya isa tumu. Ka karyo masu kauri ka gasa, kada ka ƙona. Ka kai wa yayanka Funtua. Zai ce maka ya ƙoshi, zai ce shi ba yaro ba ne. Ƙarya yake yi, tun yana ɗan mitsitsi a kan tumu yake birgima. Ka tsaya a kansa sai ya ci."

Sai ta yi 'yar dariyarta, na'ura ta yi shiru.

Nomau ya ce, "To, Iya." Jatau ya daɗe tsaye yana kallon tsagaggen gilashin nan da robarsa. Daga nan ya fita ya nufi tudun bayan gari inda ake samun sabis, Nomau yana biye da shi da ƙwarya. Ya kira mai shago, ya buɗe murya yadda ya saba don kowa ya ji.

"In an kawo tsohuwar, muryar da ke ciki za ta koma sabuwar?"

"Wace murya, Alhaji? Ai waɗannan tsofaffin muryarsu ba ta juyuwa, ranaku da lokuta kawai ake kwashewa. Ita kuma da ta shigo nan take muke gogewa mu farke, don kayan gyara muke karɓa."

Jatau ya kashe wayar. Sai ya ga cewa da ƙaninsa yana da irin wayon da ake yabo, da tuni muryar uwarsu ta bi shara a bayan wani shago. Ya sa tsohuwar a aljihun Nomau da hannunsa, ya ɗauki sabuwar daga ƙwarya ya warware mata roba.

"Wannan za ta koma inda ta fito."

"Ba ta gama karatu ba, Yaya."

"An kore ta. Je ka yi abin da aka sa ka."

Nomau ya shiga gona ya karyo kawunan gero masu kauri, ya hura wuta a tsakar gida ya gasa, bai ƙona ko ɗaya ba. Ƙamshi ya cika gidan. Jatau yana zaune a kan tabarma yana haɗiyar yawu, da ya ga an gama sai ya miƙo hannu. Nomau ya naɗe tumun a tsumma ya rungume.

"Miƙo mana."

"Iya ta ce in kai maka Funtua."

"Ga ni nan a gabanka, Nomau!"

"Nan Tungar Gawo ne, Yaya."

Lantana ta toshe baki da gyale ta shige ɗaki, ana jiyo dariyarta ta bango. Jatau ya tashi ya karkaɗe riga ya ce, "Shiga mota."

Haka suka kama hanya, wa yana tuƙi, ƙane yana gefe da tumu a cinya, ƙamshi yana dukan hancin Jatau a kowane rami. A bakin kasuwa ya tsaya ya mayar da sabuwar, ya sha mitar mai shago, ya tsallaka ya sayo batura kwali guda ya ɗora wa Nomau a kan tumun. Sai da suka isa ƙofar gidansa, Nomau ya fito ya duba ya tabbata Funtua ce, sannan ya kwance tsumma ya miƙa da hannu biyu, ya tsaya a kansa ƙiƙam. Alhaji Jatau mai hatsi ya zauna a kan dakali a gaban maƙwabta, ya murje tumu a tafinsa ya hure ya watsa a baki, toka tana zuba a kan riga mai sitaci. Yana tauna, hawaye yana bin gemunsa.

Nomau ya leƙa fuskarsa ya ce, "Yaya, Iya ta ce ka ci. Ba ta ce ka yi kuka ba."

Jatau ya ce, "Ƙyale ni. Wannan ni na sa kaina. Miƙo ɗayan."